Hoton gawar tauraro daga bayan gida a Kano: me za a saya, me za a bari?

Tambayar farko daga Rijiyar Zaki ta zo. Mai tambayar ya ce yana da kyamarar Canon da yake ɗaukar hotunan biki da suna da ita, ya ga hoton ragowar wani tauraro da ya fashe, ja da shuɗi kamar zaren saƙa, abin ya tsaya masa a rai. Wani mai shago ya nuna masa ƙaton madubin hangen nesa da aka rubuta a kwalinsa cewa yana ƙara girman abu sau 500. Ya saya ko ya dakata, ganin unguwarsu fitilu ko'ina?

Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Wannan lambar ta jikin kwali ado ce ta talla, kuma ko da gaskiya ce ba ita kake bukata ba. Yadda ka kwatanta hoton, abin da ka gani shi ne wanda masana ke kira Veil, mu ce masa Mayafi, a rukunin taurarin Cygnus. Tauraro ne da ya tarwatse fiye da shekara 10,000 da suka wuce, ɓurɓushinsa na ci gaba da bazuwa, kuma haskensa kan yi tafiyar kusan shekara 2,400 kafin ya iso mana. Masanin taurari William Herschel ne ya gano shi a 1784. Abin da mai shagon bai gaya maka ba shi ne faɗinsa a sama ya kai digiri uku, wato ka jera wata ɗan daren sha huɗu guda shida. Ka ga ashe ba ƙanƙanta ce ta ɓoye shi ba, dusashewa ce. In ka ɗora masa ƙaton madubi, kamar ka manna ido ne a jikin bango kana neman ganin fasalin gida.

Gilashin kyamara mai milimita 135 ko 200 ya isa ya ɗauke shi duka, kuma mai yiwuwa yana cikin jakarka ta aiki. Abu biyu ka rasa.

Na farko na'urar bin taurari. Sama na juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka da irin wannan gilashin, in ka bar idon kyamara a buɗe fiye da daƙiƙa biyu zuwa uku, taurarin sai su zama dogayen layuka. Ƙaramar na'ura irin Star Adventurer ta kamfanin Sky-Watcher tana hawa kan sandar kyamara mai ƙafa uku, tana juya kyamarar a hankali daidai da tafiyar sama, har ka iya buɗe ido minti ɗaya ko biyu. Sai dai akwai wahalar da littattafan Turai ba sa faɗa mana. Ana saita ta ne da tauraron arewa, wanda su a can yake sama sosai, mu kuwa a Kano digiri 12 kawai yake bisa ƙasa. Katangar maƙwabci, tankin ruwa ko darbejiya ɗaya ta isa ta tare shi. Kafin ka biya ko sisi, ka fita tsakar gida da dare ka buɗe manhajar Stellarium, kyauta ce, ka duba ko kana ganinsa daga inda za ka kafa kaya.

Na biyu, kuma a nan nake so ka fi kashe kuɗi, rariyar haske ce. Gawar tauraro irin Mayafi ba ta fitar da haske kowane launi kamar fitila. Kusan duk haskenta daga 'yan siraran layuka yake fitowa: ja na haidirojin a nanomita 656 (nanomita ma'auni ne da ake tantance launin haske da shi), da kore mai shuɗi-shuɗi na oksijin a wajen nanomita 500. Filta, wato rariyar nan, mai ƙofa biyu, irin L-eNhance ko L-eXtreme na Optolong, tana barin waɗannan biyun su wuce ta toshe sauran. Shi ya sa daga cikin gari ya fi sauƙi a ɗauki Mayafi a kan a ɗauki tarin taurari masu nisa, waɗanda haskensu ya gauraye da na fitilun titi ba yadda za a tace. Kyamarar biki kan danne mafi yawan jan nan tun daga masana'anta, don fuskar amarya ta fito daidai, amma Mayafi na da oksijin mai ƙarfi, zai fito ko ba ka taɓa cikin kyamarar ba. Kada ka bari kowa ya buɗe maka ita alhali da ita kake cin abinci.

Sauran aikin haƙuri ne. Hoto ɗaya ba zai nuna maka komai ba sai 'yar inuwa. Za ka ɗauki ɗari ko fiye, ka tara su a kwamfuta da Siril ko DeepSkyStacker, su ma kyauta. Lissafinsa ba ya sassauci: in kana so tsabtar hoton ta ninka biyu, sai ka ninka lokacin sau huɗu.

Tambaya ta biyu daga wata malamar kimiyya a Hotoro. Tana so ta nuna wa ɗalibanta Ƙaguwa, wadda ake kira Crab, ita ma gawar tauraro ce, amma ta ce ba ta da lokacin koyon saiti da tace hoto. Ta ji labarin ƙananan na'urorin da ake sarrafawa da waya, tana tambaya ko wasan yara ne.

Malama, ba wasan yara ba ne, kuma ke ce irin wadda aka yi su dominta. Seestar S50 na kamfanin ZWO, wanda ya fito a 2023 a kan kusan dala 500 kafin kuɗin jigila da na kwastan, yana da ido mai milimita 50, da rariya mai ƙofa biyu a cikinsa. Ki ajiye shi a ƙasa mai daidai, shi zai nemo abin da kika zaɓa, ya riƙa ɗaukar hoto na daƙiƙa goma-goma yana tarawa, ɗalibai na kallo a waya yadda abin ke fitowa a hankali. Ba ya bukatar ganin tauraron arewa, wanda ga mu 'yan Kano ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma ki shirya wa yaran zuciya. Ƙaguwa ƙarama ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin wata ba, don haka za ta fito kamar ɗan ƙullin auduga, ba kamar hoton da ke cikin littafi, wanda madubin Hubble ya ɗauko daga sararin samaniya, ba. Labarinta ne zai riƙe su. A shekarar 1054 masu duban sama na Sin suka rubuta cewa wani baƙon tauraro ya bayyana, ana ganinsa da rana tsaka har kwana 23. Wani likita ɗan Bagadaza, Ibn Butlan, shi ma ya ambace shi. Wannan ɗan audugar shi ne abin da ya rage, a nisan tafiyar haske ta kusan shekara 6,500, kuma a tsakiyarsa akwai ƙwallon tauraron yana juyawa sau 30 a daƙiƙa guda. Tana rukunin Taurus, gabas da Kaza da 'Ya'yanta.

Matsalarki lokaci ce. Ƙaguwa na hawa tsakiyar sama ne a Disamba da Janairu, daidai lokacin da hunturu ya kankama. Daren da hazo ya sauka, ƙurar na sha hasken garin ta mayar da shi ƙasa, sama ta yi fari fat, babu rariyar da za ta cece ki. Ki jira daren da iska ta lafa kika ga taurari sun fito tas. In ƙura ta hau gilashin, ki hure da 'yar robar busa iska, kada ki goge da gefen mayafi, yashi ne, zai karce shi.

Shi kuwa Malamin Rijiyar Zaki, nasa lokacin ya fi daɗi amma gajere ne. Cygnus na sama tun cikin damina, gajimare ne ke hana ganinsa. Da ruwa ya ɗauke a farkon Oktoba, sama a wanke, Mayafi na kaiwa ƙololuwarsa jim kaɗan bayan sallar isha'i, kusan saitin tsakiyar kai. Daga nan zuwa shigowar hazo 'yan makonni ne. A ciki ka zaɓi dararen da babu farin wata.

Wani daga Sharaɗa ya ce an yi masa tayin filta ta hannu, wai mai kashe hasken gari, da araha. Ɗan'uwa, ka tambayi sunanta da shekarunta. Tsofaffin an yi su ne don fitilun titi masu ruwan lemo, waɗanda haskensu ke taruwa a wajen nanomita 589. Fitilun sola farare da suka cika titunanmu yanzu suna watsa haske kowane launi. Ni na taɓa sayen irinta a hannun wani, na kwana uku a tsakar gida, abin da na samu kawai sama mai launin shuɗin bula. In ba a rubuta faɗin ƙofofinta da nanomita ba, ka bar masa kayansa.

Ya kuma tambaya ko ya hau rufin bene don ya tsere wa fitilar maƙwabci. Zai taimaka, har tauraron arewa ma ka samu, amma kai ma ka san yadda garin nan yake. Mutum a saman bene da ƙarfe ɗayan dare, da abu mai dogon baki a kan ƙafa uku, kuma gidajen mutane a buɗe a ƙasa, ba kowa zai yarda taurari yake kallo ba. Ka fara sanar da maƙwabta da 'yan sintirin unguwa, in da hali ka gayyaci mai unguwa ya hau ya leƙa wata sau ɗaya. Sannan ka nisanta sandar kyamarar daga inda janareta ke kaɗa dakali, ka cika batir tun da rana, ka sa safa saboda sauro.