Re: Akwatin Android yana mutuwa idan na jona faifan ajiya

Malam, ka ce a Gusau kake, kuma da zarar ka jona faifan ajiya don naɗar shiri sai akwatin ya mutu ya sake tashi. Ƙarancin wuta ne. Duba bayan adaftar, yawanci 5V 2A za ka gani, wato volt biyar da amfiya biyu (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana). Ramin USB 2.0 rabin amfiya kawai yake bayarwa, faifan kuwa yakan ja kusan amfiya ɗaya lokacin da ya fara juyawa, har ka ji yana ƙas-ƙas. Nemi mahaɗar USB mai adaftarta daban.

Kada ka bar faifan a tsarin ajiyar fayil na FAT32, domin a cikinsa fayil ɗaya ba ya wuce 4GB, mayar da shi tsarin exFAT. Ka haɗa da ƙaramin UPS (na'urar batir mai riƙe wuta) saboda ɗaukewar wuta.