Fatawa: Hukuncin Zama a Gidan Bilbil da Sa Baki a Hirar Giya

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikaci ne a Garwa, a arewacin Kamaru. Yawancin abokan aikina ba Musulmi ba ne, kuma muna zaman mutunci. Ranar Juma'a idan an tashi aiki sukan ja ni wani gida da ake dafa bilbil, wato giyar dawa, su sha abinsu, ni a sayo min lemon kwalba. Hirarsu duk ta giya ce: wai ta sabon jigari da kaka ta fi kauri, ta dawar muskuwari da rani ta fi laushi, wance ta fi wance hannu, ta kwalba kuwa ruwa ce. Yau da gobe har na iya zancen, nakan sa baki, kuma in baƙo ya zo daga Duwala ni ke nuna masa gidan da ya fi suna. Ban taɓa kurɓa ba. Wani a cikinsu ya ce min bilbil abinci ne, dawa ce da ruwa, ƙwarya guda ba ta bugar da kowa, don haka ba ita Alƙur'ani ya hana ba. Ina matsayina?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya ƙara tsare ka, domin wanda ya daɗe yana zama kusa da tulun bilbil bai kurɓa ba, lalle akwai tsoron Allah a zuciyarsa. Sai dai zaman da kake yi bai halatta ba, yabon da kake tayawa ma haka, nuna wa baƙo gida kuwa ya fi su nauyi.

Bari mu fara da maganar abokinka, don ita ce ta fi haɗari. An riga shi kawo wannan tambaya tun zamanin Annabi (SAW), kuma a kan dawar ce kanta. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa wani mutum ya zo daga Jaishan, a ƙasar Yaman, ya tambayi Manzon Allah game da wani abin sha da suke yi da dawa, ana ce masa mizru. Annabi bai tambaye shi irin dawar ba, ko yadda ake dafa ta. Cewa ya yi: "Yana sa maye?" Mutumin ya ce e. Sai ya ce: "Duk abin da ke sa maye haramun ne." Abu Musa al-Ash'ari ma da aka aike shi Yaman ya yi tambaya a kan giyar zuma da ta hatsi, amsar da ya samu ke nan, tana cikin Buhari da Muslim.

Kai da kake zuwa gidan ka ga yadda ake yin ta. A jiƙa dawa har ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a sake dafawa, a bar ta ta huce, sannan a zuba mata yisti ta kwana tana tsiyayar kumfa. Wannan kwanan shi ne ya raba ta da kunu. Kafinsa zaƙi ne na hatsi, bayansa zaƙin ya juye ya zama sinadarin da ke cikin giyar kwalba irin su Castel da 33 Export da Gala ta Mundu a Chadi. Tukunyar ƙasa da injin kamfani duk abu ɗaya suke haifarwa. Shi ya sa Ibn Abi Zaid ya ce a Risala, wadda muka karanta a zaure tun muna yara, duk abin sha da ya rufe hankali ya bugar, to giya ne. Batun ƙwarya guda kuwa, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Na san wani zai ɗauko maka saɓanin da aka hakaito daga Abu Hanifa game da abin da ba na inabi ba. Ka sani almajirinsa Muhammad ibn al-Hasan ya saɓa masa, kuma a kan maganar almajirin ake fatawa a mazhabarsu. Mu kuwa a mazhabar Malik ba a taɓa buɗe wannan ƙofa ba.

Har zancen giyar lokaci ma an yi shi. Dailam al-Himyari ya ce wa Annabi ƙasarsu akwai sanyi, aikinsu na ƙarfi ne, suna yin wani abin sha da alkama don ya taimake su a kan aikin da sanyin. Tambayar dai ita ce ta farko: yana bugarwa? Ya ce e. Aka ce masa su nisance shi. Wannan yana cikin Abu Dawud. To kaka ko rani, hunturu ko bikin girbi, babu wanda ke canza hukunci.

Yanzu sai zamanka. Lemon da ke hannunka halal ne, tabarmar da kake kai ce matsalar. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. An hakaito cewa an kawo wa Umar ibn Abdil Aziz wasu da aka kama suna sha, aka ce masa ɗaya daga cikinsu azumi yake yi. Bai sake shi ba, ya kafa hujja da aya ta 140 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce in kun zauna tare da su, to ku ma kamarsu kuke. Mai azumi ma bai kuɓuta ba, balle mai lemo.

Hirar ce nake so ka fi lura da ita, don ita ce mutane ke rainawa. Masu wannan sha'awa ba wai suna sha ne kawai ba, suna raya abin da baki: wannan ta yi kauri, waccan ta yi tsami, ta gidan wance sai an yi sammako. Da irin wannan zance kasuwar take ci. Annabi ya la'anci mutum 10 a kan giya, kamar yadda Tirmizi ya kawo daga Anas: mai matsa ta, da wanda aka matsa wa, da mai sha, da mai ɗauka, da wanda aka ɗaukar wa, da mai shayarwa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai saye, da wanda aka saya wa. Tara daga cikinsu ba lalle ne sun kurɓa ba. Ba zan ɗora maka la'ana ba, domin ba a ambaci mai yabo da mai nuna hanya a cikin goman nan ba, kuma ba a ƙara wa nassi abin da babu. Amma aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakon juna a kan zunubi, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi kira zuwa ga ɓata yana da kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi shi. Dillali a kara ba shi da saniya ko ɗaya, amma babu cinikin da za a ƙulla bai samu la'adarsa ba. Lokacin da ka ce wa baƙon Duwala "gidan can ya fi", dillancin ka yi.

Ba kowace magana a kan giya ce haramun ba. Ma'aikacin lafiya da ke bayyana yadda arki, wato barasar gargajiya mai ƙarfi, ke cin hanta, ko malamin gona da ke lissafin dawar da ke tafiya wajen dafa bilbil, ko ni da nake kwatanta maka yadda ake yin ta, babu laifi a kanmu. Abin da aka hana shi ne zancen da ke ƙawata ta, ya sa mai ji ya haɗiye yawu.

Kada kuma ka ɗauki wannan fatawa ka je ka ɓata da mutane. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ba ka damar kyautata wa wanda bai yaƙe ka ba, ka yi masa adalci. Garwa gari ne na kowa: Fulani, Hausawa, Fali, Tupuri, Mundang, da mutanen kudu. Matan da ke dafa bilbil da yawansu da ita suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, kuma ba aikinka ba ne zaginsu ko fasa musu tulu. Ni dai, Musulmin da ke fakewa a ɗakin otal yana sha, ya fito yana taunar goro don ɓoye wari, ya fi damuna a kan su.

Abin da ya wuce, ka yi istigfari. Babu haddi a kanka, babu kaffara, sallolinka sun inganta. Ka gaya wa abokanka a fili cewa addininka ya hana ka zama inda ake sha, za ka ga yawancinsu sun girmama ka. Ka kira su shayi a gidanka, ko ku haɗu wajen mai tsire, ko mai gasa giwan ruwa na Binuwai, kai ka biya. In walimar ofis ce ta ƙarshen shekara da ba ka da ikon ƙin zuwa, ka je ka gaisa, ka ci abincinka a teburin da babu kwalba, ka yi sallama kafin sha ya kankama. Baƙo kuma in ya tambaye ka gidan bilbil, ka ce masa ya tambayi waninka.

Wallahu a'alam.