Tambayoyi da Amsoshi: Haɗa Jerin Karatun Kwas a Intanet Ga Malaman Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Na zuba adireshin maƙaloli goma sha biyu a shafin kwas ɗina na Moodle, manhajar da jami'armu ke ɗora darussa a intanet. A ofis duk suna buɗewa, amma ɗalibai sun ce rabinsu ba sa buɗewa a wayoyinsu. Matsalar daga wayoyin ne? (Wani malami daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce daga wayoyin ne. Galibi ɗayan abubuwa uku ne ke jawo haka.

Na farko, adireshin da ka kwafo. Idan ka yi bincike a rumbun mujallu kamar EBSCOhost, ka kwafi abin da ke saman burauza, sau da yawa akwai lambar zaman da ka yi a cikinsa. Da zarar zaman ya ƙare, adireshin ya mutu. Abin da za ka nema shi ne adireshi na dindindin. A EBSCOhost ana kiransa Permalink, a JSTOR kuma za ka ga kalmar stable a cikinsa. Mafi inganci duka shi ne DOI, wato lambar shaidar maƙala, wadda kullum take farawa da 10 da ɗigo. Ka rubuta https://doi.org/ sannan ka liƙa lambar a ƙarshensa ba tare da tazara ba. Ko mujallar ta koma hannun wani kamfanin ɗab'i, wannan adireshi zai bi ta inda ta koma.

Na biyu, kuma shi na fi zargi a nan, tunda ka ce a ofis komai na buɗewa: laburaren jami'a ne ya biya kuɗin mujallar, kamfanin kuma yana gane masu izini ne ta lambar intanet ɗin makaranta. Kai kana kan layin jami'a, sai ƙofa ta buɗe maka ba tare da ka ma lura akwai ƙofa ba. Ɗalibi yana gida da datar wayarsa, sai a nemi ya biya dala. DOI ba ya maganin wannan, domin kai mutum bakin maƙala kawai yake yi. Ka je wajen ma'aikacin laburare mai kula da sashen intanet ka tambaye shi ko suna da hanyar shiga daga wajen makaranta, irin su EZproxy ko OpenAthens. In akwai, zai ba ka wani guntun adireshi da ake sawa kafin na maƙalar, wanda zai sa a tambayi ɗalibi sunan shigarsa da kalmar sirri. In babu, ka rubuta a gefen maƙalar cewa sai a cikin makaranta take buɗewa, don su sauke ta kafin su bar harabar.

Na uku ya shafi fayilolin Google Drive. Sabon fayil a kulle yake, kai kaɗai ke ganinsa. Ka danna Share, ka mayar da shi Anyone with the link, matsayi kuma Viewer. Idan asusun jami'a kake amfani da shi, wataƙila an taƙaita rabawa ga masu imel ɗin jami'a kaɗai, alhali yawancin ɗalibai Gmail na ƙashin kansu ne a wayoyinsu.

Kafin ka saki jerin, ka kashe Wi-Fi ɗin makaranta, ka kunna datar wayarka, ka buɗe shafin sirri na burauza, ka danna kowane adireshi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ka gani shi ɗalibi zai gani. Wani ƙaramin abu kuma: wajen saka adireshi a Moodle, a ƙarƙashin Appearance ka zaɓi Open maimakon Embed, domin shafukan kamfanonin ɗab'i da yawa ba sa yarda a nuna su a cikin wani shafi, sai ɗalibi ya ga fili fari fat.

Tambaya: Ni ta zauren WhatsApp nake tura wa ɗalibai abin karantawa. Duk lokacin jarrabawa sai su dame ni da "Malama a sake turowa". Yaya zan yi? (Wata malama daga Sakkwato)

Amsa: Malama, WhatsApp wurin sanarwa ne, bai dace da ajiya ba. Saƙonni na binne fayil, wanda ya shigo zauren daga baya zai iya rasa abin da ya wuce, wanda ya canza waya kuma sau da yawa ya yi asarar komai. Jerin karatu wuri ɗaya tak ya kamata ya zauna, mai adireshi ɗaya da ba ya canzawa.

In jami'arku na da Moodle, ki kunna Edit mode, ki ƙara Page guda ɗaya a saman kwas, ki rubuta jerin gaba ɗaya a ciki. Ya fi ki watsa adireshi talatin a sassa daban-daban. In babu Moodle, takardar Google Docs guda ta wadatar. Sai ki sa adireshinta a bayanin zauren, wato wurin da ake rubuta manufar zaure. Kada ki dogara da liƙa saƙo a sama, domin liƙawar WhatsApp ba ta wuce kwana 30.

Tsarin jerin kansa ya fi manhajar da aka ɗora shi muhimmanci, kuma a nan ne malamai da yawa ke sakaci. Jerin littattafai arba'in da aka jera bisa harufan sunayen marubuta a ƙarshen takardar kwas, gaskiya ba mai karanta shi. Ki raba shi mako-mako. A kowane mako abu ɗaya ko biyu na dole, sauran a ƙarƙashin "ƙarin karatu". Kowane abu ya zo da sunan marubuci, shekara, bugu na nawa, babi da lambobin shafi, sai jimla ɗaya da ke faɗin abin da za a nema a ciki, misali: "Shafi 45 zuwa 62, ku kula da bambancin ra'ayoyin biyu, a kansa za mu tattauna ranar Talata." Ambaton bugu ba ado ba ne. Babi na shida a bugu na uku yana iya zama na takwas a bugu na biyar, sai rabin aji su karanta wani abu daban. A ganina, ga 'yan aji ɗaya shafi 20 zuwa 30 a mako a kwas guda ya isa, tunda ba kwas ɗinki kaɗai suke ɗauka ba. Ki kuma rubuta girman kowane fayil a gefensa, don mai ƙaramar data ya san abin da zai danna. A can sama ki sa ranar da kika yi gyara na ƙarshe.

Tambaya: Mu uku ke koyar da kwas ɗaya, kowa da nasa jerin, salon rubuta madogara ma ya sha bamban. Akwai manhajar kyauta da za ta haɗa mu? (Wani malami daga Maiduguri)

Amsa: Akwai Zotero. Kowannenku ya sauke ta a kwamfuta, ya buɗe asusu, ya ƙara Zotero Connector a burauza. Mutum ɗaya ya ƙirƙiri rukuni a shafin Zotero, ya zaɓi Private, ya gayyaci sauran biyun. A cikin rukunin ku buɗe folda ga kowane mako. Akwai wata alama mai kamar sandar tsafi a sama. In ka liƙa DOI ko ISBN, wato lambar shaidar littafi, a ciki, manhajar za ta jawo sunan marubuci da shekara da sauran bayanai da kanta. In kun gama, ku danna folda da maɓallin dama, ku zaɓi Create Bibliography from Collection, ku ɗauki salon da sashenku ke bi, kamar APA bugu na 7, ku liƙa a shafin kwas.

Abu biyu ke ba mutane matsala. Wurin ajiyar fayil na kyauta megabait 300 ne, kuma duk PDF ɗin da aka ɗora a rukuni daga rabon mai rukunin ake cirewa. Bayanan madogara ba sa cin wannan wuri, saboda haka ku bar su su kaɗai a rukunin, fayilolin su zauna wani wajen. Sannan littattafan da aka buga a gida, musamman waɗanda ba su da ISBN, sai an shigar da su da hannu. Ku duba sunaye da kyau, domin manhajar na yawan juya sunan marubucin da ke ƙarewa da sunan gari, kuma haruffa masu ƙugiya kan ɓace idan an jawo bayanan daga wani rumbu.

Tambaya: Littafin da nake koyarwa da shi kwafi biyu ne kacal a laburare. Na yi sikanin ɗinsa duka, ya kai megabait 180, Moodle ya ƙi karɓa. Yaya zan rage shi? (Wani malami daga Zariya)

Amsa: Malam, kafin maganar girma akwai maganar haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta yi sassauci ga koyarwa da bincike, amma ana duba yawan abin da aka kwafa da kuma illar da zai yi wa cinikin littafin. Ɗora littafi sukutum ga ɗaruruwan ɗalibai ya yi nisa da wannan sassauci. A jami'o'in Birtaniya lasisin da suke biya ya ba su damar babi ɗaya ko kashi goma cikin ɗari na littafi. Wannan ƙa'idarsu ce, ba dokar Najeriya ba, amma ma'auni ne mai kyau ga mai son kiyayewa. Ka ɗauki babin da ake buƙata, ka haɗa da shafin da ke ɗauke da sunan littafi da maɗaba'a, ka sa shi a cikin Moodle inda sai mai rajistar kwas ke shiga. Kwafi biyun kuma ka nemi laburare ya mayar da su sashen da ba a fita da littafi.

Girman kuwa daga launi yake. An yi sikanin mai launi a 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto) ko sama, alhali rubutu baƙi ne a kan farar takarda. Ka sake yi da baƙi da fari ko ruwan toka a 200 dpi, za ka ga ya ragu ƙwarai. Ka kunna OCR, abin da ke mayar da hoton rubutu ya zama rubutun da ake iya bincika kalma a ciki. Ɗalibai makafi masu amfani da manhajar karanta allo ba sa samun komai daga sikanin da ba shi da shi. Iyakar girman fayil a Moodle mai kula da shafin jami'a ne ke sa ta, kai kana iya rage ta ne kawai a kwas ɗinka. Ka yi lissafi ma: fayil mai megabait 40 ga ɗalibai 300 ya ci kusan gigabait 12 daga aljihunsu.

Tambaya: Laburarenmu ba shi da rajista da manyan mujallu. Ina zan samo abin sawa a jerin ta hanyar halal? (Wata malama daga Maraɗi)

Amsa: Ki fara da DOAJ don mujallun kyauta, DOAB don littattafai, AJOL don mujallun Afirka, sai OpenStax na Jami'ar Rice a Amurka don littattafan shekarar farko na kimiyya, lissafi da tattalin arziki. Ki ƙara Unpaywall a burauza, yana nuna kwafin maƙala na halal idan akwai shi kyauta. Ki kuma tambayi laburare ko sun yi rajista da Research4Life, shirin da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun kuɗi, wanda ya ƙunshi Hinari na lafiya da AGORA na noma. Makaranta ce ke rajistar, ba mutum ɗaya ba.

Tambaya: Sabon zango ya zo. Sai na sake gina jerin daga farko? Na kuma ji ana maganar Leganto, ko in saya? (Wani malami daga Katsina)

Amsa: Ba sai ka sake ba. A sabon shafin kwas na Moodle ka shiga More, sai Course reuse, sai Import, ka zaɓi tsohon kwas. Zai kwaso kayan karatu ba tare da ɗaliban bara da makinsu ba. Ka gyara ranaku, ka sake gwada kowane adireshi da datar waya, ka cire abin da ba ka taɓo a lakca ba bara. Idan za ka sauya PDF a Google Drive, kada ka goge tsohon. Ka yi amfani da Manage versions ka ɗora sabon a kansa, adireshin zai ci gaba da aiki.

Leganto da Talis Aspire kuwa manhajojin haɗa jerin karatu ne, amma ba na malami ɗaya ba ne. Laburaren jami'a ne ke sayen su ya haɗa da kundin littattafansa, ta yadda da malami ya sa littafi a jeri, ma'aikata za su ga kwafi nawa ake da shi da yawan ɗaliban da ke buƙata. In babu irin wannan a wajenku, ka tura wa laburare jerin naka ta imel tare da yawan ɗalibai, aƙalla wata biyu kafin a fara lakca, domin sayo littafi yana ɗaukar lokaci.