Shin Haraji Ne Ke Korar Masu Haƙar Ma'adinai?

Tambaya: Malam, sau da yawa mukan ji gwamnati ta ƙara wa kamfanonin haƙar ma'adinai haraji, su kuma su ce za su rufe mahaƙa. Da gaske ƙarin yana hana zuba jari, ko barazana ce kawai?

Amsa: Akwai barazana a ciki, amma akwai gaskiya, kuma ya danganta da irin kuɗin da aka ƙara. Harajin riba sai an ci riba ake biyansa. Shi kuwa rayalti, wato kason da ƙasa ke karɓa a kan abin da aka haƙo, galibi daga kuɗin ciniki ake cire shi, ko an ci riba ko an faɗi, saboda haka yana shiga cikin kuɗin haƙar kowane tan. Idan ya yi nauyi, dutsen da tagullar cikinsa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, wanda jiya ake niƙawa a samu ɗan abin kai wa baki, sai a tura shi juji, rayuwar mahaƙar ta gajarta, ma'aikata kuma su fara raguwa.

Zambiya ta ga wannan da idonta. A farkon 2015 ta ɗaga rayaltin buɗaɗɗun mahaƙu daga kashi 6 zuwa kashi 20, tun kafin ƙarin ya fara aiki kamfanin Barrick ya ce zai dakatar da aiki a mahaƙar Lumwana, kuma kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta janye. A 2022, bayan an sake barin kamfanoni su cire rayalti kafin lissafin harajin riba, kamfanin First Quantum ya amince da faɗaɗa mahaƙar Kansanshi da dala biliyan 1.25.

Sai dai ba kowane kuka ba ne abin saurare. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta kai rayaltin kobalt, ƙarfen da ake amfani da shi wajen yin batura, kashi 10 a ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2018, kamfanoni suka yi ta ƙorafi, amma ba su tafi ba, domin fiye da rabin kobalt na duniya daga can yake fitowa.

A ganina, abin da ya fi tsorata mai jari shi ne yawan sauya doka, tunda mahaƙa takan ɗauki shekaru goma ko fiye kafin ta fara fitar da ƙarfe. Ƙasa tana da haƙƙin karɓar kaso mai tsoka daga arzikin da ba ya dawowa, amma gara ta tsara shi tun farko ya riƙa hawa da sauka tare da farashin kasuwa.