Sanata Feinstein, bindiga da zubar da ciki: ta yaya ta haɗa biyun?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji ana yabon wata sanatar Amurka da ta rasu, Dianne Feinstein, wai ta yi shekara da shekaru tana yaƙi da yaɗuwar bindigogi, kuma wai tana goyon bayan a bar mace ta zubar da ciki. Abin ya ɗaure mini kai. Mai son kare rai ta yaya zai haɗa waɗannan biyun? Kuma me ta iya cim ma? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka ta yi ma'ana, kuma Amurkawa da yawa, musamman Kiristoci masu riƙo da addini, ita suka riƙa yi mata. Sai dai in ka bi tarihin matar, za ka ga matsayin nata guda biyu daga abin da idonta ya gani suka fito.

Ranar 27 ga Nuwamba 1978, tana shugabar majalisar birnin San Francisco, wani tsohon ɗan majalisar mai suna Dan White ya shiga ginin ya harbe magajin gari George Moscone da wani ɗan majalisa, Harvey Milk. Ita ta fara isa kan gawar Milk. Ta kama hannunsa don ta ji ko da sauran rai, sai yatsanta ya shige ramin harsashi. Ita ce kuma ta fito gaban 'yan jarida ta sanar da kisan, ta gaji kujerar magajin gari har zuwa 1988. Wanda ya ga haka, ba sai an ba shi labarin bindiga ba.

Da ta shiga majalisar dattawa a 1992, ba ta ɓata lokaci ba. A 1994 ta samu dokar da ta hana ƙera da sayar da wasu bindigogi masu kama da na yaƙi, da gidan harsashin da ke ɗaukar fiye da guda 10. Amma don a samu ƙuri'u sai da aka yarda dokar ta yi shekara 10 kawai. A 2004 wa'adin dokar ya cika, majalisa ta ƙi sabunta ta. Bayan an kashe yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook a Disamba 2012, ta sake kawo ƙudirin. Sanatoci 40 suka yarda, 60 suka ƙi. Wannan ƙuri'ar har yau tana ci mini rai, don yaran 'yan shekara shida da bakwai ne.

Zubar da ciki kuwa, daga 1960 zuwa 1966 ta zauna a hukumar California mai yanke wa fursunoni mata wa'adin zaman kurkuku, lokacin da zubar da ciki laifi ne. Ta ga fayilolin masu yin aikin a ɓoye, ta ga irin ɓarnar da ake yi wa 'yan mata a ɓoyayyun ɗakuna. Hujjarta ita ce haramcin bai hana aikin ba, sai dai ya kai mata kabari. Masu adawa da ita suka ce ɗan tayin ma rai ne, kuma ba shi da mai magana da yawunsa. A nan ni ina tare da damuwarka, Malam, kuma dokarmu a arewacin Najeriya ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa. Amma ba na ɗaukar matar a matsayin wadda ba ta san darajar rai ba. Ran uwa ta sa a gaba, ta bar ɗaya ɓangaren, kuma a nan muka rabu da ita.

To me ya sa ƙoƙarinta bai yi nisa ba? Tsarin majalisar ne. Kowace jiha sanata biyu gare ta: California mai mutum kusan miliyan 39 daidai take da Wyoming da ba ta kai dubu 600 ba, kuma jihohin karkara masu ƙarancin jama'a su ne suka fi riƙo da bindiga. Sannan yawancin dokoki sai sun samu sanata 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a. Ga kuma gyara na biyu na kundin tsarin mulki, tun 1791, wanda kotun ƙoli ta fassara a 2008 da cewa ya ba kowane mutum 'yancin ajiye bindiga a gida. Haka ma ƙudirin kare zubar da ciki ya faɗi da ƙuri'a 49 da 51 a Mayu 2022, wata guda kafin kotun ƙoli ta soke hukuncinta na 1973 da ya ba mace 'yancin zubar da ciki, ta mayar da maganar hannun jihohi.

Akwai wani aikinta da ya fi shafar Musulmi, kuma ba a cika ambatonsa ba. Tana shugabar kwamitin leƙen asiri, a Disamba 2014 ta fitar da taƙaitaccen rahoto kan azabtarwar da hukumar CIA ta yi wa waɗanda ta tsare bayan harin 11 ga Satumba 2001, duk da matsin lambar da aka yi mata kan ta bari. Ita ce kuma ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da yaƙin Iraƙi a 2002, daga baya ta ce ta yi nadama.

Ta rasu a Satumba 2023 tana da shekara 90, tana kan kujera, bayan an daɗe ana kiranta ta sauka saboda rashin lafiya. Shekara guda kafin nan ta kaɗa ƙuri'a aka zartar da wata dokar bindiga, bayan kisan yara 19 da malamai 2 a Uvalde ta jihar Texas. Dokar ta tsaurara bincike kan masu sayen bindiga 'yan ƙasa da shekara 21, amma ba ta taɓa bindigogin da ta hana a 1994 ba.