Tabarau na kasuwa ba zai nuna mata allo ba

Tambaya: Ɗiyata mai shekara 11 tana aji CM2. Malaminsu ya ce in ta zauna a baya ba ta ganin allo, sai ta yi ta ƙanƙance ido, amma littafi tana karanta shi tsaf. Maƙwabciyata ta ce in sayo mata tabarau a Babbar Kasuwa, ya fi araha. In saya? Daga Maman Zuwaira, Bukoki, Yamai.

Amsa: Maman Zuwaira, don Allah kada ki saya. Abin da kika faɗa ya yi kama da miyopi, wato rashin hangen nesa, kuma tabarau na tebur zai ƙara dagula mata gani ne.

Tsawon idon babba, daga gaba zuwa baya, wajen milimita 24 ne. Haske in ya shiga, tantanin gaban ido da madubin ciki su ke tanƙwara shi ya taru daidai kan bangon baya, inda jijiyoyin gani suke. Idon mai miyopi yakan zarce wannan tsawo. Sai hasken da ya taso daga nesa ya taru tun bai kai bango ba, ya sake bajewa, rubutun allo ya koma dishi-dishi. Ƙarin milimita ɗaya tak kan jawo diyoptar kusan 3 (diyoptar ita ce ma'aunin lambar tabarau), kin ga abin ba ya buƙatar yawa. Hasken littafi kuwa a warwatse yake isowa saboda kusanci, shi ya sa yake taruwa can baya, ta gani tar.

Maganinsa gilashin da ke ɗan baza haske kafin ya shiga: siriri a tsakiya, mai kauri a gefe, mai alamar ragi a takardar likita. In aka rubuta -2.00, ana nufin ganinta garau ya tsaya a santimita 50. Na kasuwa yawanci na karatun dattawa ne, mai alamar ƙari, aikinsa tara haske. Riƙe shi ɗan nesa da rubutu ki gani, baƙaƙen girma za su yi. Irin nata ƙanƙantar da su yake.

Ki kai ta sashen ido a asibiti a auna kowane ido daban, don sau da yawa lambar ba ɗaya ba ce. Yara akan ɗiga musu magani kafin awo, ganinta zai ɗan yi hazo na wani lokaci, kada ki tsorata. Kafin nan, ki roƙi malam ya maido ta gaba. Raina yana ɓaci in na ji an kira yaro daƙiƙi alhali allon ne ba ya gani.

Tambaya: Mai shago ya ce in ƙara kuɗi a yi mini gilashi marar kauri. Lambata -1.50 ce. Kuma gaskiya ne tabarau na kashe ido? Daga Isufu, Yantala.

Amsa: Malam Isufu, riƙe kuɗinka. A -1.50 gilashin da ma ba shi da kauri, sai lamba ta haura 4 bambancin yake fitowa sosai. Abin da za ka tsaya a kai shi ne a auna tazarar da ke tsakanin idanunka, tsakiyar gilashi ta faɗi daidai ƙwayar ido. Batun kashe ido kuwa, babu shi. In lambar matashi ta ƙaru, idon ne yake ƙara tsawo yayin da jiki ke girma, da tabarau ko babu.