Ƙarin Garanti a Kan Kyamara: In Biya Ko In Bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoton biki ne, shekara shida ke nan ina wannan sana'a. Na tara kuɗi zan sayi sabuwar kyamara da lens (gilashin da ake ɗaura mata a gaba) guda, sai mai shagon ya ce idan na ƙara kimanin kashi goma cikin ɗari na kuɗin, zai ba ni garanti na shekara uku maimakon ɗaya. Wani abokin sana'ata ya ce asarar kuɗi ce kawai, wani kuma ya ce shi da ya sani da ya biya. Ina neman shawara. Daga wani mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kada ka ƙara ko kwabo sai ka riƙe takardar sharuɗɗan a hannunka ka karanta, domin biyan kuɗin garantin da aka faɗa da baki kawai cinikin biri a sama ne.

Garantin da Canon, Nikon da Sony suke bayarwa a kan kyamara galibi na shekara ɗaya ne, kuma abin da ya ƙunsa shi ne lahanin da ya fito daga masana'anta, kamar maɓallin da ya daina aiki ba tare da wani dalili ba, ko allon da ya mutu da kansa. Yawancin ƙarin garantin da ake sayarwa a shaguna wannan alkawarin ne suke tsawaitawa, ba su faɗaɗa shi. Ga shi kuma lahanin masana'anta yakan bayyana ne tun a watannin farko, musamman a hannun mutum irinka da yake aiki da kyamara kowane mako, wato a lokacin da garantin asali yake nan daram.

Abubuwan da suke kashe kyamara a ƙasarmu daban ne. Akwai ƙurar hunturu da take shiga ta kwanta a kan sensa, wato ɗan farantin da yake karɓar hoto a cikin kyamara, duk lokacin da aka canza lens a fili, akwai danshin damina da yake sa fumfuna ta yi saƙa a cikin gilashi, akwai wutar janareta da take ƙona caja, sannan ga babbarsu, faɗuwa. Na taɓa ganin wani matashin mai hoto a wajen kamu, ya ajiye kyamararsa a kan kujera don ya karɓi ruwa, wani yaro ya zo wucewa ya fizgo igiyarta, ta faɗi a kan tayil da bakin lens. Washegari ya tafi shagon da ya saya da takardar garantinsa ta shekara uku, aka nuna masa layin da ya ce faɗuwa da jiƙewa ba sa ciki. Har yau ina tuna yadda ya tsaya yana jujjuya takardar nan. Akwai tsarin da yake ɗaukar irin wannan haɗari, misali CarePAK Plus na Canon a Amurka, amma shi ya fi kusa da inshora, kuma dole ne a ga an rubuta hakan ƙarara.

Abu guda ne zai iya sa mai hoton biki ya ci ribar ƙarin garanti, shi ne shota, wato labulen nan da yake buɗewa ya rufe a duk ɗauka. Tana da adadin ɗaukar da aka ƙiyasta za ta iya jurewa: Canon 5D Mark IV kimanin 150,000, Nikon D850 kuwa 200,000. Idan daga kamu zuwa ɗaurin aure da dina da buɗar kai kana ɗaukar hoto 2,000 a mako, a shekara ka haura 100,000, ke nan kana iya cimma iyakar tun kafin shekara ukun ta cika. Sai dai takardu da yawa suna cire lalacewar da yawan aiki ya jawo, wasu ma suna cire kayan da ake sana'a da su gaba ɗaya. Ka tambayi mai shagon kai tsaye: idan shota ta mutu a shekara ta biyu, wa zai biya? Ka ce ya nuna maka a rubuce.

Ka kuma bincika inda kyamarar ta fito. Garantin kamfani yakan tsaya ne a yankin da aka yi kayan dominsa, saboda haka wadda aka shigo da ita daga Amurka ko Dubai ba ta hannun wakilin kamfani ba, mai yiwuwa ko garantin shekara ɗayan ba zai yi maka aiki a Najeriya ba. A irin wannan hali alkawarin mai shago ne kaɗai a hannunka, sai ka san wane ne zai yi gyaran, a Kano ne ko sai an aika Legas, da kayan gyara na asali ko na gwanjo, kuma mako nawa za ka zauna babu kyamara alhali ka karɓi kafin alƙalamin bukukuwan mutane.

Ra'ayina shi ne, idan takardar ba ta ambaci faɗuwa da ruwa da shota ba, ka bar kuɗinka. Ka sayi jaka mai kauri da ƙullin sinadarin nan mai tsotse danshi, sauran kuma ka buɗe masa asusu kana ƙarawa daga kowane biki, har ya kai ka sayi kyamara ta biyu ko da ta hannu ce, domin ranar da babbar ta tsaya ana tsakiyar ɗaurin aure ita za ta fitar da kai kunya. Idan kuwa takardar ta ambaci waɗannan ukun, kuma akwai wurin gyara sananne da za ka iya zuwa da ƙafarka, to kashi goman ba ta yi yawa ba ga mai aiki irin naka. Ko wanne ka zaɓa, ka tabbata an rubuta lambar jikin kyamarar da ta lens a kan rasit, ka ɗauki hotonsa ka adana, saboda tawadar irin waɗannan rasit tana gogewa kafin shekara ta zagayo.